Kajin Da Ba Sa Kwanci

Rannan da hantsi ina tsugune a gindin keji ina dama wa kaji dusa, sai autata ta zo ta tsaya a kan kwalin 'yan tsakin da na sayo. Ta daɗe tana kallonsu suna cunkushe da juna, can ta ce, "Baba, wai su waɗannan ina uwarsu?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na rasa wadda za ta shiga kan yarinya 'yar shekara shida. Na ce mata inji ne ya ƙyanƙyashe su can kudu, mota ta kawo su. Ta gyaɗa kai ta koma wasanta, abin bai dame ta ba. Ni ne ya dama. Na zauna a kan turmi ina ta tunanin rabona da jin muryar kaza tana kiran 'ya'yanta, irin kiran nan ƙasa-ƙasa da take yi idan ta tono wani abu a gindin danga, su rugo suna tuntuɓe da juna. Na duba unguwarmu kaf a zuciyata, gida bayan gida, kowa yana da kaji, manya-manya masu nauyi waɗanda yanzu ake kira maja, amma ban tuna gidan da na ji wannan kira ba.

Garinmu ƙauye ne a kan hanyar Daura zuwa Mai'adua, sai ka sauka daga kwalta ka taka yashi na rabin sa'a. Da muna yara safiya tana da tsarinta na sauti. Zakara ya fara, ladan ya biyo, sannan ƙarar guga a bakin rijiya, sannan luguden mata. Idan aka zo tankaɗe sai ka ji Iya, mahaifiyar babanmu, ta ɗauki ragowar tsaki a faifai ta fito tsakar gida tana kira, kaji su ɓullo daga ƙarƙashin rumbu da bayan turken awaki da kan katanga. Ƙananan kaji ne, yawancinsu wake-wake, ƙafafu sirara, ba su da wani nama na a zo a gani. Amma sun san shaho tun inuwarsa ba ta iso ƙasa ba. Kuma duk wadda ta yi kwanci, ka kai hannu gurbinta ka ga abin da zai same ka. Har yanzu akwai ɗan tabo a bayan hannuna na dama.

Aikina a lokacin shi ne gara. In sami tsohuwar tukunya in cusa mata busasshen kashin shanu da guntun kara, in yayyafa ruwa, in kai ta bakin suri in kife. Washegari in ɗauko ta cike, Iya ta zazzage wa 'yan tsaki. Ita kuma tana da nata ayyukan da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ita ke jiƙa sassaƙen maɗaci a kaskon ruwansu idan sanyi ya doso. Ita ke shata wa kowane ƙwai alama da gawayi don ta san wanda ya riga wani. Da damina takan sayi ƙwan zabi a wurin Fulani ta sa wa kaza mai kwanci, tunda zabuwa ba ta da haƙurin reno, kazar ta ƙyanƙyashe su ta riƙe kamar nata. Kuma duk gurbin da ta shirya sai ta tura guntun gawayi a ƙarƙashin ƙwan, wai don kada tsawa ta kashe su.

Kajin nan suna da tarihi. Ranar da aka kawo Iya gidan kakanmu daga wani gari can cikin Nijar, mahaifiyarta ta ɗora mata sagara ɗaya a kwando, wato budurwar kaza da ba ta fara ƙwai ba. Duk kajin da na tashi na gani jikokin wannan sagarar ne. Iya ba ta lissafa zakara, ta ce shi na kowa ne, uwa ce iri. Daga nan ta mai da abin ƙa'ida: duk 'yar da za a kai ɗakin miji daga gidanmu, ko 'yarta ko jikarta, sai ta tafi da sagara daga wannan tsatson. Takan ce, "Gado da kwalla na kallo ne. Wannan ita ce za ta saya miki gishiri ranar da ba kya son ki tambaya."

Ni kuwa yaro ne mara magana. In baƙo ya shigo nakan sulale in shige ɗaki da littafina. Iya tana mini wasan jika, tana kirana maigidanta. "Ku duba mijin da Allah ya ba ni," in ji ta, "ba cefane, ba hira, sai shinshinar takarda." Mata su yi ta dariya, ni in sunkuyar da kai. Amma ni take kira in ƙirga mata ƙwai, don ta san ba na kuskure.

Na shiga makarantar koyon aikin gona a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane yadda iskar gyara ta kaɗa mu ba. Gidajen kallo sun yi shiru, makaɗa sun rage fita, samari sun ɗage wando sun tsayar da gemu, kowa ya koma gida da abin da zai gyara wa iyayensa. Kalmar camfi tana bakin kowane yaro. Alheri mai yawa ya zo a ciki, ba na musu. Sai dai ya zo da wani zafin kai da ya sa muka ɗauka duk abin da tsofaffi ke yi ba tare da littafi ba kuskure ne. Ni ba ni da muryar wa'azi, don haka zazzaɓin ya shige ni ta wata ƙofa. Malaminmu na kiwo ya nuna mana wani sabon irin kaji, ya ce ga nama ga ƙwai, suna kiwo a tsakar gida kamar na Hausa, amma zakaransu a wata huɗu ya ninka namu biyu. Ya raba mana 'yar takarda mai shafi takwas. Na karanta ta har na haddace. Akwai layi ɗaya da na ja wa jan biro a ƙasa saboda ya burge ni: wai kajin nan ba sa ɓata lokaci wajen kwanci, ƙwai kawai suke yi. Na ɗauke shi yabo ne tsantsa. Ban tsaya na tambayi kaina komai ba.

Da hutu na zo gida da guda ashirin a kwali. Na raine su da fitilar ƙwai da kaskon garwashi, na ɗiga musu rigakafi a ido, ko ɗaya bai mutu ba. Mutanen gari suka sa musu suna kajin makaranta, ana ta sallama a zo kallo. Babanmu ya riƙa ɗaga zakara ɗaya yana miƙa wa abokansa. "Riƙe ka ji, Malam. Wannan kaza ce ko tunkiya?" Shi ne karo na farko da na ga yana alfahari da karatuna a gaban mutane. Iya ma ta yaba, ta ce suna da ci kamar baƙin biki, amma ba ta hana su tsaki ba.

Ana nan sai 'yar Iya da ke aure a Dutsi ta haihu, Iya ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Ta bar mini kajinta tara, ta ce, "Maigida, ga amanar gida." Bayan tafiyarta da mako biyu na ga ɗaya daga cikinsu ta saki fukafuki tana gyangyaɗi. Na ɗauko takardata. Ta ce kajin gida su ke ɗauke da cuta, a raba su da sabon iri. Na kwana biyu ina jujjuya abin, sannan na sami babanmu na karanta masa. Ya ce, "Kai ka yi karatun. Amma ka san na tsohuwa ne." Na ce ai idan ta dawo zan ba ta goma daga nawa, kowace ta fi nata biyu. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Mai gyangyaɗin muka yanka. Sauran takwas na ɗaure musu ƙafa na kai su kasuwar Mai'adua, wani ɗan kasuwa da ke lodi zuwa kudu ya kwashe su gaba ɗaya. Na dawo ina jin na yi aikin hankali.

Ranar da Iya ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ɗebi tsaki ta yi kira. Kajina suka rugo suna girgiza ƙasa. Ta watsa musu, ta sake kira tana duban ƙarƙashin rumbu. Ta sake na uku. Sannan ta juyo.

"Maigida, baƙi sun ci. Ina masu gida?"

Na yi mata bayani kamar mai amsa jarrabawa, cuta da nauyi da yawan ƙwai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sunkuya ta kama ɗaya, ta auna ta a hannu, ta shafa ƙirjinta, ta leƙa ƙarƙashin fiffike.

"Nauyi kam akwai," in ji ta. "To a cikinsu wa zai kwanta?"

Na ce duk za su kwanta mana, ai kaji ne. Tana sakin kazar layin nan mai jan biro ya faɗo mini a rai.

Damina ta sauka, ƙwai ya yi yawa a gidanmu har muna kyauta. Iya ta gyara gurbi a fasasshiyar tukunya, ta jera goma sha biyu, ta ɗora kaza. Kazar ta miƙe ta karkaɗe jiki ta tafi neman abinci. Ta ɗora wata ta kife ta da kwando, da aka buɗe ta tattake rabi. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya har mata goma sha ɗayan da muke da su. Ƙwan zabin da ta saya ya lalace a ƙwarya. Maƙwabta suna da kajin Hausa, ana iya aro ko saye, na ma faɗa mata haka. Ta ce, "Na sani. Na mutane ne." Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ba. Wasan da take mini ne kawai ya tsaya. Ta koma kirana da sunana na yanka kamar kowa, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Ga shi an sa bikin ƙanwata bayan girbi. Ita ce takwarar Iya, a ɗakinta ta tashi. Wata rana na ji ta tana cewa, "Iya, ni fa ko wacce aka ba ni ina so, ai na Yaya sun fi girma." Iya ta ce, "Ki ci girman, takwara. In ya ƙare fa?"

Sai na tuna ai irin bai ƙare a gidanmu kaɗai ba, yana gidajen duk matan da aka aurar. Ban gaya wa kowa ba na hau kabu-kabu na nufi Dutsi. Gwaggona ta can ta ce nata sun ƙare tun sanyin bara, annoba ta share unguwar. Na je gidajen 'yan'uwa biyu a cikin Daura, ɗaya ta sayar ta haɗa ta sayi akuya, ɗaya mijinta ba ya son kashin kaji a siminti. Saura babbar 'yar Iya da ke Kongolam, dab da kan iyaka. Na same ta tana tuyar ƙosai a zaure, motocin kaya suna wucewa. Na tsuguna na gaishe ta, na kasa faɗin abin da ya kawo ni, sai da ta sallami masu saye uku.

"Kai ne baturen kajin?" in ji ta. "Labarinka ya riga ka ƙetare iyaka. An ce ka sayar da kakanninka a Mai'adua."

Na ce, "Gwaggo, kuskure ne."

"Kuskure yana da gemu yanzu? Tashi mu je."

Ta kai ni bayan madafa ta nuna mini wata tsohuwar kaza wake-wake, gashin wuyanta ya fara zubewa. Ita kaɗai ta rage. Ta ce rabonta da ƙwai tun bazara, amma in ɗauka in gwada. "Aro na ba ka, ba kyauta ba. Kuma in ka karanta mata takarda Allah ya isa."

Na rungumo ta a kwando a kan babur har gida. Iya tana tsinke zogale na ajiye a gabanta na buɗe. Ta dubi kazar, kazar ta dube ta. Ta kai hannu, kazar ta sare ta a yatsa. Sai na ga Iya ta yi dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin ta tafi Dutsi.

"Ja'ira. Halin uwarki ne." Ta ɗago ta dube ni. "Maigida, ashe kana fita unguwa?"

Muka aro zakaran Hausa a maƙwabta, na kulle zakaruna. Na koma aikin gara kamar ina ɗan shekara takwas, ɗalibin babbar makaranta da tukunyar kashin shanu a ka, yara suna bina suna dariya. Bayan kwana goma sha tara ta yi ƙyarƙyara. Ƙwai shida ta yi ta tsaya, sannan ta kwanta. Da Iya ta shirya gurbin sai ta miƙo mini guntun gawayi. Da a bara ne, da na ce mata camfi ne. Na karɓa na tura shi ƙarƙashin ƙwan da hannuna. Har yau ban yarda gawayi yana tare tsawa ba, kuma har yau ban yi nadamar sa shi ba.

Huɗu suka fito, biyu suka zama baragurbi. Shaho ya ɗauki ɗaya a kwana na tara. Ɗaya kuma kajina ne suka tattake shi wajen rububin dusa, ina tsaye, kafin in kai hannu. Biyu suka rayu, da suka yi fiffike aka ga ɗaya zakara ne, ɗaya sagara. Tsohuwar ta raine su har suka fara kiwo da kansu, sannan wata safiya muka same ta a akurki ta sandare. Ban sami mayar wa Gwaggo aronta ba.

Saura sagara ɗaya ke nan a duniya, iyakar sanina. Da biki ya matso na sami Iya a ɗakinta, na yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa yi mata. Na ce ta bari sagarar ta girma a nan, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe ko sau ɗaya, sai a kai wa amarya biyu ma. Na ce gidan da za a kai ta gidan haya ne a cikin Daura, ƙofa a bakin titi. Na ce hankali ma ya nuna haka.

Ta ce, "Hankalinka ko na takarda?"



"Wannan karon ka yi gaskiya," in ji ta. "Amma ba a taɓa fitar da 'ya daga gidan nan hannunta babu kaza ba, kuma ba za a fara a kan takwarata ba. Uwata da ta ba ni, ita ma ba ta da tabbacin komai. Ni ba ajiya aka ba ni ba, miƙawa aka ce in yi."

Ranar kai amarya ni na riƙe kwandon a bayan mota, tsakanin kwalla da katifa.

Ba a yi wata biyu ba ƙanwata ta aiko a kira ni. Na same ta idanu sun kumbura. Yaran masu gidan sun bar ƙofa a buɗe, sagarar ta fita, an duba unguwa har bakin kasuwa ba a gan ta ba. Ta riƙe mini riga ta ce, "Yaya, don Allah kada Iya ta ji." Lokacin Iya ta fara ciwon da ba ta tashi ba. Duk ƙarshen mako idan na zo daga makaranta na biya ta Daura, tana jin sallamata sai ta ce, "Maigida, ka biya wajen takwara? Ta fara ƙwai?" Ni da aka sani ba na kuskuren ƙirga, ni da ban iya ƙarya ba saboda muryata tana rawa, sai in dubi tabarma in ce, "Ta kusa, Iya." Ta ce, "To a gaya mata ta nemi gawayi." Sau bakwai ta tambaye ni, sau bakwai na ce ta kusa. A na ƙarshen ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban sani ba ko ta gane. Ta rasu kafin ruwan farko, Allah ya jiƙanta.

Ba zan zagi kajin nan na zamani ba. Da su na yi wa 'ya'yana kayan sallah shekara da shekaru, da ƙwansu suka girma. Matan aure da yawa a garuruwanmu sun tsaya da ƙafarsu saboda su. Sai dai kowane garke yana ƙarewa a kansa. In sun tsufa ka yanka, ka jira mota daga kudu, ka sayi wani kwalin. Ranar da motar ba ta zo ba, babu kaza a unguwa. A da mace tana iya ba 'yarta abin da zai haifi kansa har jikoki. Yanzu babbar 'yata an sa ranarta bayan sallah, ina iya cika mata keji, amma na san abin da zan ba ta na shekara ɗaya da rabi ne.

A kusurwar kejina akwai fasasshiyar tukunya. Matata ta sha cewa in fitar da ita, tana tara ƙuma. Nakan bar ƙwai uku a ciki, in shata musu alama, in sun kwana biyar in canza wasu. An ce a cikin ɗari akan sami ɗaya da jinin kwanci ya motsa mata. Kullum da safe kafin in zuba dusa can nake fara dubawa. Yau ma na tarar da wata a ciki, ja, mai faɗin baya, ta baje a kan ƙwan. Na tsuguna a hankali na tura hannuna na dama ƙarƙashinta, ina jira ta sare ni. Ta miƙe, ta tsallake hannun, ta tafi wajen dusa.